Zanin Goyon da Na Yanka

Kwanakin baya wasu 'yan mata suka shigo ɗakin aikina a Nguru kawo saƙo, suka tsaya suna kallo ina yanka atamfa. Ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta ta ce, "Ashe wannan ne aikin? Tura taya kawai, kamar mai wasa da motar langa-langa." Ban ba ta amsa ba, don ni ba mai saurin baki ba ce, sai an tafi nake tuna abin da ya kamata in ce. To ga shi yanzu na zauna zan faɗa, ga su da duk mai irin tunaninsu. Ban ce na fi kowa sanin sana'ar ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. A ciki akwai maganar wani zani da na yanka a shekarar ambaliya, wanda a ganina haƙƙinsa yana kaina sai ranar da mai shi ta ce ta yafe.

Bargon haɗi nake yi. Ana yanka atamfa ko yadi ƙanana-ƙanana, a jera su launi-launi a ɗinke, a saka auduga a tsakiya, a yi shafi a baya, sannan a bi shi da ɗinki ya kama jikinsa. Masu haɗa kayan ɗakin amare ne suka fi saye, sai masu son abin rufa lokacin sanyi. Kayan yankan guda uku ne. Akwai wuƙa mai taya, wato reza ce zagayayya kamar kwabo, an ɗaura ta a mariƙi tana juyawa. Akwai doguwar rula ta roba mai garai-garai, kana ganin zane ta cikinta. Sai shimfiɗar roba mai kauri da ake yankan a kanta. Almakashi yana ɗaga zane kafin ya yanka, shi ya sa bakinsa ke karkacewa. Ita wannan wuƙar a kwance take samun zanen.

A Gashua na koya, wurin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Fanna. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo na zauna ina jiran takardar aiki da ba ta zo ba. Ranar da na isa gidanta da jakata, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi mini sannu irin ta Barebari ta ce, "Wushe, mai digiri. A makarantar taku an koya muku hura gawayi?"

Na ce, "Gwaggo, ina jin zan iya."

"Ai 'ina jin' ba ya hura wuta. Ga dutsen guga can."

Na daɗe a kan guga kafin ta bar ni na taɓa wuƙar. Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na gane rabin yankan a guga yake. Zanen da ke da kwarmin lanƙwasa, komai kaifin wuƙa, idan aka buɗe shi bayan yanka sai a ga bakinsa ya yi tsani. Kuma ba a jan dutsen guga a kan zanen da za a yanka yadda ake yi wa riga. Ɗorawa ake yi, a ɗaga, a ɗora a gaba. Idan aka ja, zanen yana miƙewa, a yanka shi a miƙe, ya huce ya koma yadda yake, awo ya tashi a banza.

Aikin farko da na yanka da hannuna bargon wata amarya ne daga Jajimaji, shuɗi da ruwan ƙwai. Na ninka atamfar biyu, na ɗora rula, na tura wuƙar, na ga layi ya fita sumul. Ina murna na ɗaga zirin na buɗe shi, sai ga gwiwa a tsakiyarsa, ya lanƙwashe kamar ƙafar akuya. Gwaggo ta karɓa ta rataya shi a wuyana ta ce in je in nuna wa maƙwabta. Abin da ya faru shi ne ban daidaita layin rula da bakin ninkin ba. Idan ninki ya kauce ko da kaurin tsinken tsintsiya ne, a wajen buɗewa kaucewar ninkuwa take yi. Tun daga ranar, kafin in yanka komai sai na haɗa bakin zane da baki, na girgiza shi a iska ya sauka da kansa ba murɗewa, na kwantar, na fara share gefe ɗaya ya miƙe. Daga wannan gefen ake auna duk sauran.

Yankan kansa a tsaye ake yinsa, nauyin kafaɗa a kan wuƙa. Daga jikinki ake farawa a tura gaba, ba a jawowa wajen ciki. Tafiya ɗaya ake yi. Mai zuwa da dawowa kamar mai zarto, bakin zanenta gashi yake yi. Hannun hagu yana danne rula, ƙaramin yatsa a waje yana tokare ta a kan shimfiɗa. Idan wuƙa ta wuce inda hannun yake, sai a tsaya, a matsar da hannun gaba, a ci gaba, don doguwar rula tana zamewa ta can ƙarshe inda babu mai riƙe ta. Wasu suna tara zane ninki da yawa don sauri. Ni dai ba na wuce huɗu, wataƙila don tsoro ne, amma na ga yadda na ƙasa ke gudu ya bar na sama. Kuma duk lokacin da aka ajiye wuƙar a rufe bakinta. Akwai tabo a ɗan yatsana da zai ba da shaida.

Wani aiki da na yi wa matar wani mai sayar da kifi ne ya koya mini sharrin rairayi. Lokacin na koma Nguru na buɗe nawa. Na sa sabuwar reza da safe, kafin azahar ta fara tsallake zare: ta yanka, ta bar zare ɗaya, ta yanka, ta bar zare ɗaya, tazarar daidai wa daida. Ƙwayar rairayi ce guda ta hau shimfiɗa ta yi wa bakin rezar ɗan gibi, duk zagaye ɗaya sai gibin ya sauka a kan zane. A garinmu rairayi ba baƙo ba ne, a ƙafa yake shigowa, a gefen zani, a jakar mai kawo aiki. Shi ya sa nake goge shimfiɗa da danshin tsumma kafin kowane yanka, nake kakkaɓe zane a waje. Allura da aka manta a jikin zane ita ma haka take yi. Ita kuwa shimfiɗar, zafi ne maƙiyinta. Wadda na fara saya na jingine ta a bango ƙarƙashin kwano a watan bazara, ta kumbura ta yi tudu da kwari, ba ta ƙara kwanciya ba. Wadda na sake saya, a ƙarƙashin katifa nake ajiye ta yanzu.

Shekarar da kogi ya cika ya shiga unguwannin Gashua ita ce shekarar da ta fi mana wuya. Hanya ta lalace, mai kawo mana reza daga Kano ya daina zuwa. An ɗaga bukukuwa da yawa, waɗanda aka yi kuma an rage kayan ɗaki, bargo shi ne farkon abin da ake cirewa. Na koma wasa tsofaffin rezoji a bayan tangaran, abin da ba na ba kowa shawarar yi, don kaifin ba ya dawowa daidai. Sabuwa guda ɗaya ta rage mini a takardarta, na ɓoye ta.

A ƙarshen wannan damina Zara ta zo. 'Yar Gashua ce da ke aure a Nguru, mun san juna a islamiyya. Ta shigo da ƙullin kaya a cikin lifaya, ta kwance a kan tabarma. Tsofaffin zannuwa ne na atamfa, ƙamshin turaren wuta ya kama su. Mahaifiyarta ta rasu kafin ruwan, na ma je mata gaisuwa.

Ta ce, "Malama, na Inna ne. Ranar da ruwa ya shiga gidanmu akwatin kawai na iya ɗaukowa. So nake ki haɗa mini su bargo guda, in riƙa rufa da shi. A akwati asu ne zai cinye su."

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Amma ki yi haƙuri da tambayata, kayan naki ne? Kin san kayan mamaci."

"Nawa ne. Da bakinta ta ba ni, tun tana da lafiya. Ta ce, Zara, akwatin nan naki ne, ke ce auta."

Na karɓa. Ban ga alamar ƙarya a fuskarta ba, kuma har yau ban ce ta yi mini ƙarya ba.

Tsohon zane ya fi sabo wuyar yanka. Ya sha wanki ya yi laushi, yana tafiya a ƙarƙashin rula kamar ruwa. Sai da na jiƙa su da sitaci na shanya a inuwa, na goge su suka yi tauri kamar takarda. Na ɗauko sabuwar rezar da nake ɓoyo na ɗaura, don na ga irin wannan kaya ba a kai masa dakusasshiya. Na yanka su murabba'i-murabba'i, kowane faɗin tafin hannu. Idan ban yi kuskure ba, ban taɓa yin yanka mai kyan wannan ba. Ka tara su ka shafa gefen, sai ka ce sabulu aka yanka.

A cikinsu akwai wani kore mai zanen ganye da ya fi sauran tsufa. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, gefunansa da sauran ƙarfi, amma tsakiyarsa ta cinye har ana ganin tsakar gida ta ciki. Ƙa'idar aiki ita ce ba a saka irin wannan a bargo, don wanki biyu zai yage ya ja na kusa da shi. Na yanke gefunan na yi amfani da su, tsakiyar na jefa a kwandon tsumma.

Na ɗinke kusan rabin fuskar bargon sai Gwaggo Fanna ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Ke, kayan marigayiya Hajja uwar Zara suna wurinki?"

Na ce suna wurina.

"Kin taɓa su?"

"Na yanka, Gwaggo."

Ta ce, "To ki kwaso komai, har zaren da ya faɗi ƙasa, ki taho gobe. An zauna rabon gado, an nemi akwati ba a gani ba."

Washegari na shiga mota da buhu a cinyata. Gwaggo ta raka ni gidan. Alamar ruwa tana jikin katanga har ƙugu. A ƙarƙashin rumfa aka shimfiɗa tabarmi: ga Malam Goni mai rabon, ga Modu babban ɗan marigayiyar da ya dawo daga fataucin dabbobi a Machina, ga Ya Kaltum babbar 'yarta, ga Zara a gefe ta rufe fuska da lifaya. Matan unguwa sun cika bakin ƙofar ɗaki, wai sun zo taya gyaran gida. Aka ce in zazzage. Na zazzage buhun a gaban malam, 'yan yankakkun suka baje a tabarma. Na ji wata daga baya ta ce, "Wannan ce aka ce ta yi jami'a?"

Malam Goni ya tambayi Zara yadda aka yi, ta faɗa kamar yadda ta faɗa mini. Ya ce, "Da ta ce ta ba ki, kin ɗauki akwatin kin kai ɗakinki?"

"A'a, Malam. Ya za a yi in kwashe wa uwata kaya tana raye?"

"Makullin fa?"

"Yana wuyanta har ta cika."

Ya gyaɗa kai. "Kin yi ladabi, Allah ya yi miki albarka. Amma kyauta sai an karɓe ta a hannu mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Wadda ta kwana a akwatin mai ita har ya mutu, ta zama gado. Kayan nan naku ne ku uku." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, 'yata, ban ce kin yi da gangan ba. Amma an yanka abin mutane ba da izininsu ba. Ko a biya su, ko su yafe."

Na san wannan hukuncin, an taɓa karanta mana shi. Ban dai taɓa haɗa shi da teburin yanka ba.

Modu ya ɗaga hannu. "Malam, ni me zan yi da zanin mata? Rawani zan naɗa? Na yafe nawa, duniya da lahira. Su ƙarata."

Ya Kaltum ta matso kusa da kayan. Ta sunkuya tana tona yankakkun da yatsa, tana ware koraye masu ganye gefe guda. Ta jawo rabin bargon da na ɗinka ta bi shi da ido. Sannan ta ɗago.

"Ina tsakiyar?"

Na ce, "Wace, Yaya?"

"Tsakiyar wannan. Zanin goyonmu ne. Da shi ta goye ni, ta goye Modu, ta goye wannan marar kunyar. 'Yata tana da tsohon ciki, shi kaɗai na sa rai a duk akwatin. Ina tsakiyar?"

Gwaggo ta taɓa ƙafata, ina jin so take in ce ta ɓace. Amma ga malam a zaune, kuma an tambaye ni. Na ce, "Ta mutu ne, Yaya, ba za ta ɗinku ba. Na sa ta a tsumma."

"Tsumman me?"

"Na goge man keken ɗinki da ita."

Matan bakin ƙofa suka yi salati. Ya Kaltum ta ce, "Ta mutu. Goyon Inna ne ya cinye ta, da bayanmu." Ba ta ɗaga murya ba. Malam ya fara maganar a kimanta zanin, ta katse shi. "Gafarta Malam, ba na son ko sisi. Sauran zannuwan na bar wa Zara, ta rufa ta ji daɗi. Wannan kuwa, wadda ta iya yankawa ta mayar mini da shi zani. Idan na gani, sai mu yi maganar yafiya."

Muka koma gidan Gwaggo, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Ni ma da ni ce da na yanka. Shiga ki ci tuwo."

Mayar da yanka ya fi yanka wuya, wannan ma ya kamata masu sha'awar sana'ar su sani. Koren da na riga na ɗinka a bargo sai da na farke su ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Duk inda ɗinki ya bi, tsohon zane yana barin layin huji, dole a sake share bakin da wuƙa, kowane ya ƙara ƙanƙancewa. Sannan zanen ganyen ya rabu. Na baje su a ƙasa ina juyawa, ina neman ganyen da rabinsa ke nan rabinsa ke can. Wasu sun haɗu. Da yawa abokan haɗinsu suna jikin tsakiyar. Na ciro ta daga kwando na wanke da sabulu da toka, man ya ƙi fita, ta ƙara yagewa a hannuna. Kowane ɗinki kuma yana cin nasa daga hagu da dama. Da na gama jerawa na auna da hannu, abin da ya fito ba zai zagaye ƙugun kowa ba. Dogo ne siriri, daidai majanyi, wanda ake ɗaurewa a kan goyo don ya riƙe yaro.

Na kira Gwaggo na ce ko in cike da sabon kore mai kama da shi ya kai zani. Ta ce, "Ki kai wa Kaltum baƙon zane a jikin na uwarta? Ashe ba ki gaji da zaman tabarma ba." Sai na bar shi majanyi. Na yi masa shafi da farin yadi mai ƙarfi, na bi shi da ɗinki kusa-kusa kamar yadda ake yi wa bargo, don nauyin yaro ya hau kan shafin, kada ya hau kan tsohon zanen. Tsakiyar kuma na goge ta, na ninke, na sa a leda daban.

Na kai wa Zara bargonta, ta karɓa a bakin ƙofa ba mu haɗa ido ba. Daga nan na wuce Gashua. Na sami Ya Kaltum a tsakar gida tana tankaɗe, an ce 'yarta ta sauka, mace aka samu. Na yi barka, na durƙusa na miƙa mata. Ta karkaɗe hannu ta warware shi, ta auna daga yatsa zuwa kafaɗa, ta sake aunawa.

"Zani na ce. Wannan majanyi ne."

"Iyakar abin da ya fito ke nan, Yaya. Na so in ƙara, na ji tsoro."

Ta naɗe bakinsa biyu a hannuwanta ta finciko da ƙarfi, har sai da na rufe ido. Majanyin bai yage ba. Ta juya shi ta finciko ta ɗaya gefen. Sannan ta ga ledar.

"Wannan fa?"

"Tsakiyar ce. Man bai fita ba."

Ta buɗe ta duba baƙin tabon, ta kai hanci. Ba turare a jiki, sai warin mai da sabulu. Ta ninke ta ƙanana ta tura a cikin rigarta. Majanyin kuma ta miƙa wa wata mata ta ce a kai ɗakin mai jego.

Na ci gaba da durƙuso ina jira. Ta ɗauki rariyarta.

Na ce, "Yaya, maganar da kika ce za mu yi."

Ta ci gaba da tankaɗe, garin yana sauka a ƙwarya. Ta ce, "Yarinyar ba ta yi ƙwarin goyo ba tukuna. Bari ya riƙe ta ta yi tafiya, sai ki dawo ki tambaye ni. Tashi ki shiga ki ga jaririya, gwiwarki za ta yi ciwo."